Ga 'yar uwar da ta koma tuwon alkama amma ƙiba ta ƙi sauka

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce likita ya umarce ki da rage ƙiba da abinci mai sitaci, kin bar tuwon shinkafa kin koma na alkama da acca, amma sikeli bai motsa ba, kuma da magariba ta yi yunwa ke sa ki ci duk abin da hannunki ya kai. Na daɗe a kan wannan hanya, kuma ni ke girka wa gida, don haka ga abin da ya yi mini aiki.

Sauya hatsi ba rage sitaci ba ne. Alkama, masara, dawa, gero da acca, in suna busassu, wajen kashi 70 cikin 100 na nauyinsu sitaci ne. Alkamar da aka niƙa da dusarta ta fi daɗewa a ciki, wannan gaskiya ne, amma malmala biyu ta alkama malmala biyu ce. Yana ba ni takaici yadda ake cewa mata "ki ci alkama kawai" ba a gaya musu adadi ba, su yi ta kashe kuɗi a banza.

Masana na kiran tsarin abinci mai ƙarancin sitaci idan bai kai giram 130 a yini ba. Masu keto kuwa, wato tsarin rage sitaci mai tsanani, giram 20 zuwa 50 suke tsayawa, wanda ban ga yadda mai girka wa iyali za ta daɗe a kansa ba. Kofin shayi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da sitaci kamar giram 45 da kalori 200 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Farantin da muke cikawa a gida kuwa cikin sauƙi yake ɗaukar kofi uku. Kin ga a zama ɗaya an cinye rabon yini.

Ba sai kin ɗora tukunya daban ba. Ki samu matsakaicin faranti, mai faɗin inci 9, ya zama naki. Rabinsa ganye ne: alayyahu, zogale, rama, kabeji, lansir, kuɓewa, duk wanda ya samu. Sauran rabin ki kasa biyu. Kashi ɗaya nama ko kifi ko ƙwai ko awara, gwargwadon tafin hannunki. Ɗayan kashin tuwo ko shinkafa ko doya, kada ya wuce dunƙulen hannunki. Ranar tuwo, tun lokacin kwasa nake cire ƙaramar malmalata, in zuba miya ludayi biyu ko uku. Miyar ce abincin, tuwon ɗan rakiya ne. Kuma ki zuba naki kafin ki zauna. Muddin a tire ɗaya kike ci da yara, ba za ki san nawa ya shiga cikinki ba. Ga lomar ɗanɗano a bakin murhu, ga ƙanzo, ga ragowar yara da muke cinyewa don kada a yi almubazzaranci. Duk cikin lissafi suke. Ragowar a rufe ta zama ɗumame, ko a miƙa wa almajiri.

Sai maganar mai, wadda a ganina ita ce ke kayar da yawancin masu rage sitaci. Giram ɗaya na sitaci ko na sinadarin gina jiki kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Mu kuma ba da cokali muke zuba mai ba, jarka muke karkatawa. Mace za ta bar tuwo ta koma soyayyiyar awara da ƙosai da wainar ƙwai mai ninƙaya a mai, ta ga ai ba ta ci sitaci ba, alhali kalorin ya fi na tuwon da ta bari. Haka kwaɗon zogale: ganyen kansa kusan ba komai a cikinsa na ƙiba, amma in aka cika masa ƙuli-ƙuli aka kwarara mai, ya tashi daga abincin rage jiki. Gyaɗa ma giram 100 ta haura kalori 550, ga daɗin ɗiba. Ni cokali nake ajiyewa kusa da jarkar, in ƙirga bisa yawan masu ci, cokali ɗaya ga kowane mutum. Awara kuma in sa ta cikin miya ko in gasa. Da farko mutanen gida sun ce miya ba ta ƙyalli, na ƙara daddawa da busasshen kifi da kayan ƙamshi, magana ta mutu.

Yunwar magariba da kike kuka da ita, tun da safe ake gyara ta. Koko da burodi ko shayi mai sukari ba sa riƙe ciki, kuma tsallake karin kumallo bashi ne da za ki biya da dare. Ina karyawa da dafaffen ƙwai biyu da tumatir da albasa, ko alale ɗaya, da shayi ba sukari. Rabona na tuwo ko shinkafa da rana nake ci, lokacin da jiki ke cikin zirga-zirga. Bayan la'asar in ci gauta ko kokwamba, ko kofin kindirmo ba sukari. Da dare farfesun kifi ko na kaza da ganye. Wake yana da sitaci shi ma, amma yana ƙosarwa kuma yana gina jiki, don haka ranar shinkafa da wake nake sa waken ya rinjaya a farantina.

Ranar cefane nake tsara na mako gaba ɗaya a takarda, domin wadda ba ta san abin da za ta ci da dare ba taliya za ta dafa. Tunda wuta ba abar dogaro ba ce, ban jingina da firji ba. Busasshen zogale, rama, kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen kifi da ƙwai ba sa yanke mini.

Ki kula da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kamar ƙaramin cokali 12, kuma 6 ya fi. Lemon kwalba ɗaya babba kan kai wannan iyakar shi kaɗai. Fura da kunu abinci ne, in kin sha sun tsaya a madadin tuwon ranar. Zoɓo ki yi shi da citta da kanumfari kawai.

Kada ki yi gaggawa. Rage kalori 500 a yini kan sauke kusan rabin kilo a mako. Abin da ke zuba da sauri a makon farko yawancinsa ruwa ne, don haka kada gwiwarki ta yi sanyi in ya lafa daga baya. Ki riƙa auna ƙugunki da tef ɗin tela sau ɗaya a mako.

Wani abu mai muhimmanci da ba ki ambata ba shi ne ko kina shan magani. In kina allurar insulin ko shan glibenclamide, wato magungunan ciwon sukari, rage sitaci ba tare da an gyara adadin maganin ba zai iya sa sukarinki ya faɗi ƙasa sosai, ki ji jiri da karkarwa da gumi, har suma. Haka in kina da juna biyu, ko kina shayarwa, ko kina da ciwon ƙoda. Don Allah ki rubuta tsarin abincin naki ki kai wa likitan ya gani kafin ki fara. Allah ya ƙara miki lafiya.