Ta Yaya Tauraron Ɗan'adam Ke Gane Gari Ya Faɗaɗa?

Tambaya: Malam, yaya ake gane gona ta koma gidaje daga hoton tauraron ɗan'adam?

Amsa: Ɗan'uwa, hotuna biyu na wuri ɗaya ake jerawa, na da da na yanzu. Jerin taurarin ɗan'adam mai suna Landsat na ɗauka tun 1972, kuma a yau kowane ɗigon hotonsa mita 30 ne a ƙasa. Ɗanyen ganye yana mayar da hasken infirared sosai, wanda ido ba ya gani. Kwalta da siminti ba su kai shi ba. Inda hasken ya dushe, nan nake zuba ido. Fako ne ya taɓa yaudarata, na ƙirga shi cikin gine-gine! Tun daga nan ba na gwada hoton damina da na rani. Ƙananan gidaje kuwa, tauraron Sentinel-2 mai ɗigon mita 10 ya fi kama su.