Arch Linux ɗina wace lamba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a wani wurin gyaran kwamfuta a Jidda. Na ɗora Arch Linux, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kwamfutata daga filas da aka rubuta wa 2024.03.01. Abokin aikina yana da wani nau'in Linux ɗin, Ubuntu 24.04, kullum sai ya ce tasa ce sabuwa, tunda watan huɗu yana gaba da na uku. Na duba ko'ina ban ga lambar tawa ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka daina nema, babu ita. Ba kuma mantawa aka yi ba, haka aka gina abin.

Abokinka ya karanta tasa daidai. Lambar Ubuntu kwanan wata ce: 24 shekarar 2024, 04 watan Afrilu. Lissafin Miladiyya ne fa, kada ka neme shi a kalandar Ummul Ƙura da muka saba da ita a nan. Haka suke yi tun fitowar farko, 4.10, a Oktoban 2004. Shi ya sa a 2006 da aikin ya makara har Yuni, sai aka kira ta 6.06. Idan aka fitar da 24.04 an ɗaure kayan ke nan. Shekara biyar za a yi ana toshe ɓaraka da gyaran tsaro, amma yawancin manhajojin ciki suna nan kan zubin da aka sa su.

Taka ba haka take ba. Kana ganin jarkar Zamzam mai lita 5 da alhazai ke tafiya da ita gida? A jikinta an buga ranar da aka ɗura ruwan. Rijiyar kuwa ba wanda ya buga mata kwanan wata. To 2024.03.01 ɗin nan tambarin jarka ne: ranar da aka haɗa abin da ka zuba a filas, kuma duk farkon wata ana haɗa wani. Ran da ka fara buga pacman -Syu, umarnin sabunta duk manhajojin Arch, ka bar wannan lambar a baya. Wanda ya ɗora Arch shekara goma da suka wuce da wanda ya ɗora jiya, in duk sun sabunta yau da asuba, zubin manhajojinsu ɗaya ne. Buɗe fayil ɗin /etc/os-release, za ka ga inda wasu ke sa lamba an rubuta kalmar rolling kawai, wato mai mirginawa, kullum ana cikin sabunta ta.

Wasu nau'o'in Linux masu irin wannan tafiya suna ɗan taimaka wa mutum. Tumbleweed ta openSUSE tana sa wa kowane rukunin sabuntawa shekara da wata da rana a haɗe. Kali tana fitar da lambobi irin su 2024.1, 2024.2, haka nan, alhali a ƙarƙashi gudana take yi. Ni na fi son tsarin Tumbleweed, don idan yaro ya kawo mini matsala, lamba guda ta ishe ni sanin inda ya tsaya.

Kada ma girman lamba ya ruɗe ku. Slackware, wani nau'in Linux, ta yi tsalle daga 4 zuwa 7 a 1999 ba tare da 5 ko 6 ba. Ita kanta zuciyar Linux, wato kernel da duk nau'o'in nan ke kanta, daga 5.19 ta koma 6.0 a Oktoban 2022, ba don wani gagarumin sauyi ba, sai don Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ba ya son ƙaramar lambar ta yi yawa.

In kuna son raba gardama, ku zauna bayan sallar Isha'i, kowa ya buga uname -r, umarnin da ke nuna lambar zuciyar Linux ɗin da ke kwamfutarsa. Ubuntu 24.04 da 6.8 ta zo. In kana sabuntawa a kai a kai, da wuya tasa ta kamo taka.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin aikin Hajji, sa'ad da shago ke cika har mutum ya yi wata uku bai taɓa kwamfutarsa ba. Kafin ka sabunta bayan irin wannan tazara, karanta sanarwar da ke shafin Arch, kuma ka sabunta komai gaba ɗaya, kada ka tsinci manhaja guda ka bar saura. Kwamfutar da maigidanka ke lissafin kuɗi da ita kuwa, ka bar mata Ubuntu.

Duk ran da za ka sake rubuto mini, ka faɗi ranar da ka yi sabuntawa ta ƙarshe. Tana nan a rubuce cikin fayil ɗin /var/log/pacman.log. Ka haɗo da abin da pacman -Q, umarnin da ke nuna zubin manhaja, ya nuna game da manhajar da ke ba ka wahala. Ka gaishe da abokin naka.