Wankan Kogi, Tsargiya da Nutsewa: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Assalamu alaikum likita. Shekarata 36. Muna firamare a ƙauyenmu kusa da madatsar ruwa ta Tiga, malamai kan kai mu rafi iyo in an gama jarrabawa. Yawancinmu maza mun yi fitsarin jini, manya suna cewa alamar girma ce. Nawa ya daina da kansa. Shin abin ya wuce ke nan? (Wani magidanci, Kano)

Wa alaikumus salam Malam. Ba balaga ba ce, tsargiya ce, cutar da wata tsutsa ke jawowa, kuma ɗaukewar jinin ba ta nufin an warke.

Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga wata ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyayin gaɓa. A cikinta suke yaɗuwa, su fito ruwa, su huda fatar wanda ya shiga cikin 'yan mintuna. Ba sai an sha ruwan ba, tsayuwa a ciki ma ta isa. Shi ya sa cutar ta fi kamari inda ruwa ke kwance, kamar madatsu, magudanan noman rani irin na Kadawa da Bakolori, da fadamun Haɗeja zuwa Nguru.

Tsutsar tana zama a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Yawanci takan rayu shekara 3 zuwa 5, amma wata tana haura 20. Ƙwayayenta ne ke ɓarna: suna maƙalewa a bangon mafitsara, wurin ya yi tabo ya ƙandare. Tabon na iya toshe hanyar da ke sauko da fitsari daga ƙoda har ƙodar ta kumbura ba tare da ka ji ciwo ba, kuma daɗaɗɗiyar tsargiya tana cikin abubuwan da ke jawo kansar mafitsara.

Ka je asibiti a yi gwajin fitsari. A ɗebi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwan ya fi fita, kuma ka tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar. A haɗa da hoton ƙoda da mafitsara, domin a babba sau da yawa ba a ganin ƙwai alhali tabon yana nan. Maganin praziquantel ne, miligiram 40 a kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya. Ƙwaya guda miligiram 600 ce, don haka mai kilo 60 zai sha huɗu. A ci abinci tukuna, saboda yana da ɗaci kuma yana sa jiri da tashin zuciya. In jini ya dawo a fitsarinka yanzu, kada ka tsaya sayen magani a kemis, likita zai duba cikin mafitsarar.

Likita, 'yata mai shekara 10 ta bi 'yan ajinsu wanka a kogi makon jiya. Ta dawo tana susar ƙafafu, da ƙananan ƙuraje. In ba ta maganin tsargiya yanzu? (Uwar yara, Haɗeja)

Hajiya, ki ɗan dakata. Ƙaiƙayin yana iya zama wurin da tsutsar ta shiga, kuma yakan lafa cikin kwanaki. Amma praziquantel ba ya kashe tsutsa tana ƙarama, sai ta girma. In kin ba ta yau, asarar magani kawai za ki yi, ki kuma saki jiki. Ki bari a yi wata biyu zuwa uku, a gwada fitsari da bahaya, sannan a ba ta. In kafin nan ta yi zazzaɓi da tari da borin jini, musamman daga mako na 2 zuwa na 8, ki kai ta asibiti ki faɗa musu ta shiga kogi, kada a tsaya kan maleriya kaɗai.

Ban yarda da masu cewa wannan cutar maza ce ba. A mace ƙwan yana zama a bakin mahaifa da al'aura, ya kawo ruwa mai wari, ɗigon jini ko wahalar samun ciki daga baya, a yi ta ba ta maganin sanyi a banza. In an zo rabon maganin a makaranta, inda ake auna tsayin yaro da sanda, ki ciyar da ita da safe ki bar ta ta sha. Ruwan rafi kuwa, in an ɗebo an ajiye shi kwana biyu cur, tsutsar ta mutu, ana iya wanka da shi. Sha kam sai an tafasa.

Ni malamin makaranta ne. Muna so mu kai ɗalibai bakin kogi yawon buɗe ido. Me za mu yi in yaro ya nutse? (Malami, Birnin Kebbi)

Malam, shawarata su tsaya a tudu. In ba makawa sai sun shiga, to ban da damina, musamman Agusta da Satumba, ban da ƙasan madatsa inda ake sakin ruwa, ban da wurin da masu ɗibar yashi suka yi aiki. Nan ne ruwa ke iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye babban mutum. Ku tambayi masunta ko Sarkin Ruwa na garin, sun fi kowa sanin gurbi. Mai farfaɗiya kada ya shiga. A ƙirga yara kafin shiga da bayan fita, a ware malami guda da ba shi da aikin komai sai kallon ruwa.

Yaron da ke nutsewa yawanci ba ya ihu. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage, baki yana nitso yana tasowa. Kada wanda bai ƙware ba ya faɗa, mai nutsewa ƙanƙame mutum yake yi su tafi tare. A miƙa masa doguwar gora, ko a jefa masa jarka marar komai, a rufe, ɗaure da igiya.

In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5, ana ganin ƙirji yana tashi. Sai a danna tsakiyar ƙirji sau 30, da sauri, wajen sau biyu a sakan guda, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin. A sake hurawa sau 2, a koma dannawa, kada a tsaya har a isa hannun ma'aikatan lafiya. Kada a zazzage shi ƙafa sama, kada a matse masa ciki wai don ruwa ya fito. Abin da ke fitowa amai ne, ya koma huhu, iskar da ƙwaƙwalwa ke jira kuma tana ƙara jinkiri. Ko ya farfaɗo yana magana, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kai shi asibiti a lura da shi awa 6 zuwa 8, don huhu na iya rikicewa daga baya.

Ɗana ya yi iyo a kududdufi, yanzu kunnensa na ciwo yana fitar da ruwa. Na ɗiga masa man zaitun bai daina ba. (Wata uwa, Maraɗi)

Malama, ki daina ɗiga man, ki kuma hana shi sa tsinken ashana ko gashin kaza. Ki ja leɓatun kunnen a hankali. In ya zabura, ramin kunnen ne ya kamu, kuma maganin ɗigawa na kwana 7 yakan wadatar. In ruwan ya daɗe yana zuwa yana ɗaukewa, wataƙila dodon kunnen ya huje, kuma akwai magungunan ɗigawa da ba su dace da hujajjen kunne ba, sai an leƙa da fitila kafin a zaɓa. Wajen wanka ki toshe kunnen da auduga mai ɗan basilin. Kumburi a bayan kunne, zazzaɓi ko jiri, wannan na asibiti ne a ranar.