Amsa ga mai tambaya kan kafa ƙungiyar wasan ces (chess) a Zariya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce gasarku ta watse da rigima saboda mutum biyu sun tashi da maki ɗaya, kowa na cewa kofi nasa ne, kuma kana son sanin yadda za ku kafa ƙungiyar da za ta haɗa 'yan wasan Samaru, Sabon Gari, Tudun Wada da cikin Birni. Na daɗe ina shirya irin waɗannan gasanni ina kuma yin alƙalanci, kuma abin da ya same ku ya sami kusan kowa.

Kada ku karɓi ko naira ɗaya ta rajista sai kun rubuta dokokin gasar a shafi guda kun manna a ƙofa. Tun ran gini ran zane. Da takardar ta faɗi yadda za a raba gardama in maki ya zo ɗaya, da babu abin faɗa. Hanyar da aka fi bi a tsarin Swiss, wato gasar da ba a fitar da kowa kuma ake haɗa masu maki kusan ɗaya a kowane zagaye, ita ce Buchholz: a tara makin duk waɗanda mutum ya kara da su, wanda abokan karawarsa suka fi tara maki shi ne a sama, domin ya bi ta hannun masu ƙarfi. Kuna iya sa sakamakon karawar su biyun a gaba, ko ku ce za su sake bugawa. Duk wanda kuka zaɓa daidai ne, in dai an sanar kafin zagayen farko. A rubuta kuma ko kuɗin kyauta rabawa za a yi tsakanin masu maki ɗaya, ko na sama ne zai kwashe. A nan zumunci ya fi lalacewa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ɗaya ya zama shugaba, shi ne ma'aji, shi ne alƙalin wasa, kuma yana cikin masu bugawa. Ko waliyyi ne sai an zarge shi. Alƙali ba ya wasa a gasar da yake hukunci, kuma ba ya riƙe kuɗi. Ku zaɓi mutum uku daga unguwanni daban-daban su zama kwamitin sauraron ƙorafi, da wasu biyu na ko-ta-kwana, saboda wanda ƙorafin ya shafi ɗan unguwarsa sai ya koma gefe.

Dalilin nacewata a kan alƙali mai zaman kansa kuwa, mu nan muna da kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau, amma a kan allo yana cutar da yara. Na taɓa ganin wani dattijo ya ɗaga dokinsa, ya hango zai rasa sarauniya, ya mayar ya ce gyarawa yake yi. Yaron da ke gabansa ɗan sakandare ne. Ya sunkuyar da kai, ya ce "ba komai, Baba", hannunsa na rawa a ƙarƙashin tebur. Dokar FIDE, wato hukumar ces ta duniya, a fili take: abin da ka taɓa da niyya shi za ka motsa, mai son gyara kuwa sai ya faɗa kafin ya taɓa. Amma yaron nan ba zai iya buɗe baki ya ƙaryata sa'an mahaifinsa ba, kuma da zarar ya taɓa nasa don ya yi wasa, haƙƙin ƙorafinsa ya faɗi. Saboda haka ku koya wa yara tun kafin a fara cewa tsayar da agogon ces, mai auna lokacin kowane ɗan wasa, a ɗaga hannu a kira alƙali ba rashin kunya ba ne. 'Yan kallo kuma bakinsu alaikum, in sun ga wani abu alƙali kaɗai za su gaya wa.

Sai lokaci. A dokar FIDE, in takardar gasa ba ta faɗi komai ba, wanda bai zauna ba lokacin da aka fara ya faɗi wasan. Wannan ba zai yi mana ba, wanda ya taso daga Samaru ya biyo ta Kwangila ya san dalili. Ku ba da minti 10 a wasan sauri, agogon mai latti na tafiya. Ku tsara zagaye a kan lokutan salla: in kuna buga minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane motsi, zagaye ba ya cika wuce awa ɗaya, sai a yi uku kafin azahar, a ƙarasa sauran bayanta. Kada a fara zagaye ana dab da kiran salla, domin barin allo a tsakiyar wasa ƙofar zargi ce. Zagaye 5 ya isa fitar da gwani cikin mutum 32.

Waya ma a yi mata magana ɗaya. A 2003 Ruslan Ponomariov, yana riƙe da kambun duniya na FIDE, ya rasa wasa don wayarsa ta yi ƙara. Matsalarmu ita ce agogon ces ya yi mana ƙaranci, da waya ake auna lokaci. To wayoyin da za su zama agogo su fito daga hannun masu shiryawa, a rufe musu layi da intanet, na 'yan wasa kuma a kashe a sa a jaka.

Game da shugabanci, wa'adin shekara biyu ya isa, kuma bayan kowace gasa ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. In kuna son makinku ya shiga jadawalin duniya, sai an yi wa gasar rajista ta hannun Hukumar Ces ta Najeriya, da alƙali mai lasisi, kuma kowane ɗan wasa da lambarsa ta FIDE. Ban ba ku shawarar gaggawa a nan ba. Ku fara yin gasa uku ko huɗu lafiya lau tukuna. In kun rubuta daftarin dokokin, ka turo nan mu duba tare kafin ku sa ranar gasa.