Tambayoyinku: Wane Gem Ne Ya Fi, Kuma Da Me Ake Aunawa?

Tambaya: Malam, muna musu da abokina. Na ce PUBG Mobile ya fi Free Fire saboda hotonsa ya fi kyau, shi ya ƙi yarda. Ka raba mana gardama.

Amsa: Ƙanena, babu tambayar da ke ba ni haushi kamar wannan. Kafin ka ce gem kaza ya fi kaza, sai ka fara sanin abin da masu shi suka nufa. Kamfanin Garena ya fitar da Free Fire a 2017 don ƙananan wayoyi: mutum 50 a fili, wasa ya ƙare cikin kamar minti goma. PUBG Mobile kuwa, da ya zo a 2018, mutum 100 yake zubawa a fili mai faɗi, wasan na iya kai rabin awa. Da gangan aka sauƙaƙa hoton Free Fire don mai waya mara ƙarfi ya samu shiga. Mai kiran wannan gazawa tamkar mai zagin keke ne don bai ɗauki kayan tirela ba.

Da kyan hoto ne ma'auni, da Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet a tsakiyar shekarun 1980, ya mutu tun ba a haife ka ba. Minecraft fa? Komai nasa murabba'i ne, har kan mutum, amma an sayar da kwafi sama da miliyan 300, kuma Microsoft ta biya dala biliyan 2.5 a 2014 ta saye Mojang, kamfanin da ya yi shi. Ga kuma Cyberpunk 2077, wanda tallarsa ta ruɗi duniya. Da ya fito a Disambar 2020 sai ya riƙa sandarewa a PlayStation 4, har Sony, mai PlayStation, ta cire shi daga kantinta na wajen wata shida kafin a gyara.

Bayan manufa, sai ingancin aiki, kuma nan ne mutanenmu ba sa dubawa. Motsin da kake gani hotuna ne ke wucewa da sauri, adadinsu a daƙiƙa ɗaya shi ake kira FPS. A 30, kowane hoto na tsayawa kusan kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa, a 60 kuwa kusan 17. A wasan harbi wannan ɗan tsakani ne ke sa a kashe ka kana cewa ai ka riga ka danna. Sannan 30 da ke tsaye cak ta fi 60 da ke hawa da sauka. Idan waya ta ɗau zafi ita da kanta take rage gudu don kada ta lalace, shi ya sa gem ke tafiya lafiya da farko, can sai ya fara maƙalewa. Ni dai kowane gem na sauke, saiti nake fara shiga, in mayar da kyan hoto ƙasa, in ɗaga FPS. Ciyawa mai sheƙi ba ta taɓa ci wa kowa wasa ba.

Na kuma lura ba ka faɗi irin wayar da kake riƙe da ita ba. In RAM ɗinta bai wuce giga 2 ba, je ka ba abokinka haƙuri.

Tambaya: Zan iya dogara da makin Metacritic ko taurarin Play Store?

Amsa: Da taka-tsantsan. Metacritic na haɗa ra'ayin masu sharhi ya fitar da maki cikin 100, amma galibi a kan na'urori masu ƙarfi suka gwada. Makin jama'a kuwa, haushin kamfani kawai kan sa a yi wa gem taron dangi. Karanta sabbin sharhi na masu ba da tauraro biyu ko uku, su ke faɗin ainihin matsala.

Tambaya: Na nemi sabon FIFA ban gani ba.

Amsa: Ɗan'uwa, barcin ya yi nisa. EA, kamfanin da ke yin gem ɗin, da hukumar FIFA sun raba gari, tun 2023 sunan gem ɗin EA Sports FC.

Tambaya: Gem ɗin da ɗana ke bugawa kyauta ne, amma kullum sai ya nemi kuɗi. Ya lalace ne?

Amsa: Hajiya, gem ɗin lafiyarsa ƙalau, haka aka tsara shi. Ana jinkirta wa yaro ci gaba har ya gaji ya biya. Akwatunan sa'a da ake saye ba tare da sanin abin da ke ciki ba, hukumar caca ta Beljiyam ta ce caca ne tun 2018. Ki shiga saitin Play Store ki sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye, kuma kada ki bar shi ya san ta.