Ta wace ƙofa 'yan wasan ƙananan ƙasashe ke shiga gasar Olamfik?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, lokacin bikin buɗe gasar Olamfik ta Faris a 2024 na ga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, wasu da ɗan wasa ɗaya tak, wasu da biyu ko uku, alhali ga manyan ƙasashe da 'yan wasa masu ƙwazo da suka zauna a gida. Shin waɗannan ƙananan ƙasashe cancanta suke yi, ko kuwa alfarma ake yi musu don a cika fili? Daga wani mai bibiyar wasanni a Maraɗi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Duka biyun akwai, malam, sai dai bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba, domin ƙofofi ne daban, kuma wanda ya shiga ta ɗaya ba a auna shi da ma'aunin wanda ya shiga ta ɗayar.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne gasar tana da iyaka. A Faris an ƙayyade yawan 'yan wasa a kan 10,500, kuma kwamitin Olamfik na duniya ne ke raba wannan adadi tsakanin wasanni, sannan hukumar duniya ta kowane wasa ta tsara yadda za a cike nata kason. Saboda haka babu wata doka guda da ta shafi kowa. Hanyar da mai tsere zai bi daban take da ta ɗan dambe, ta ɗan dambe kuma daban take da ta ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Haka kuma wanda ke tura 'yan wasa shi ne kwamitin Olamfik na ƙasa, irin waɗannan kwamitoci kuwa 206 ne, sun fi ƙasashen da ke Majalisar Ɗinkin Duniya yawa, shi ya sa za ka ga Bamuda da Guwam da Aruba suna ɗaga tutarsu duk da cewa ba ƙasashe ne masu cikakken 'yanci ba. Tun 1996 aka rufe wannan kafa ga sababbin masu nema, amma waɗanda suka riga suka shiga an bar su.

Ƙofa ta farko ita ce ta cancanta zalla, kuma ba ta san girman ƙasa ba. A wasannin guje-guje da tsalle-tsalle na Faris, namijin da ke son gurbi kai tsaye a tseren mita 100 sai ya gudu cikin daƙiƙa 10.00, mace kuwa cikin 11.07, a cikin wa'adin da aka ware. A gudun fanfalaki an nemi awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 10 ga maza, awa 2 da minti 26 da daƙiƙa 50 ga mata. An tsananta waɗannan lokuta da gangan, ta yadda kusan rabin gurabe ne za su cika ta nan, sauran rabin kuma a ɗebo su daga jadawalin matsayi na duniya, wanda ake ginawa da makin da ɗan wasa ya tara a gasa daban-daban.

A nan ne ƙaramar ƙasa ke shan wahalar da ba a gani a talabijin. A gajeren tsere irin na mita 100, lokacin da aka ɗauka da agogon hannu ba ya shiga lissafi, sai an yi tseren a filin da ke da na'urar ɗaukar lokaci ta lantarki da ma'aunin iska, kuma idan iskar da ke tura mai gudu ta wuce mita biyu a daƙiƙa, lokacin ba zai ba shi gurbi kai tsaye ba komai kyansa. Ƙari a kan haka, makin jadawali ya dogara da darajar gasar da aka shiga, don haka wanda ya zo na biyar a babbar gasa ta Turai yana iya ɗibar maki fiye da wanda ya lashe gasar ƙasarsa da tazara. Tsibirin da ba shi da irin wannan fili dole ya tura yaronsa waje, da kuɗin jirgi da masauki da biza, sau da yawa a cikin shekara guda. Ba ƙarfin ƙafa kaɗai ake gwadawa ba, har da ƙarfin aljihu.

Amma akwai wata doka da ke taimakon ƙananan ƙasashe ba tare da an yi musu wata alfarma ba, kuma ita ce ke zaunar da gwanayen manyan ƙasashe a gida kamar yadda ka lura. Ba a yarda ƙasa ɗaya ta saka fiye da mutum uku a kowane fanni na guje-guje ba, a iyo kuwa mutum biyu ne iyaka. Wannan ya sa Ba'amurken da ya zo na huɗu a gasar tace 'yan wasan ƙasarsa, ko Bakenyan da ya zo na huɗu a dogon zango, zai kalli gasar daga gida ko da ya fi yawancin waɗanda suka je sauri. Gurbin da ya rasa sai ya gangara ga na gaba a jadawali, wanda wataƙila daga wata ƙaramar ƙasa yake. Wasanni irin su taikwando da dambe da kokawa kuma suna ware gurabe ga kowace nahiya, ta yadda ɗan Afirka zai kara da 'yan Afirka don neman tikiti. Ta wannan hanya ce ɗan wasan taikwando Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya samu shiga gasar Riyo ta 2016, bayan gasar share fage ta Afirka da aka yi a Agadir na Maroko, ya kuma kai wasan ƙarshe na ajin masu nauyi, ya dawo da lambar azurfa, ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar da Issaka Daboré ya ci a dambe a Munik a 1972. Nijar ba ƙaramar ƙasa ba ce a yawan jama'a ko faɗin ƙasa, amma a ma'aunin Olamfik, inda ake duba yawan 'yan wasan da ƙasa ke iya turawa, tana cikin ƙanana.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda ka kira alfarma, ni kuwa na fi son in kira ta gurbin gayyata. Manufarta a fili take: kada wata tuta ta rasa mai ɗauka. A guje-guje, ƙasar da ba ta samu kowa ta ƙofar farko ba an ba ta damar tura gwaninta, kuma a Faris an taƙaita zaɓin a tseren mita 100 ko mita 800 ko gudun fanfalaki. A iyo ana iya tura namiji ɗaya da mace ɗaya, da sharaɗin sun halarci gasar iyo ta duniya kafin nan. A wasu wasannin kuma akwai wani kwamiti mai ɓangarori uku, wanda ya haɗa kwamitin Olamfik na duniya da ƙungiyar kwamitocin ƙasashe da hukumar wasan da abin ya shafa, shi ke duba buƙatu ya raba 'yan gurabe kaɗan. Ba kowace ƙasa ke da izinin nema ba, sai wadda matsakaicin 'yan wasanta a wasannin ɗaiɗaiku bai wuce takwas ba a gasanni biyu da suka gabata. Ta haka ne Nauru, tsibirin da mutanensa ba su kai na unguwa guda a Kano ba, ta je Faris da mutum ɗaya, Winzar Kakiouea, wanda ya yi tseren mita 100. Idan ka lura da jadawalin gasar za ka ga akwai zagayen share fage na mita 100 kafin zagayen farko, yawanci waɗannan baƙin gayyata ne ke karawa a cikinsa, waɗanda suka yi fice su wuce su haɗu da manya.

Wanda ya fi kowa shahara ta wannan ƙofa shi ne Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini, a Sidni a 2000. Watanni kaɗan ya yi yana koyon iyo a wani ɗan kududdufin otal, bai taɓa ganin wurin iyo mai tsawon mita 50 ba sai da ya isa can. Su uku aka jera a rukuninsa na mita 100, biyu suka yi riga-malam-masallaci wajen faɗawa ruwa aka kore su, ɗayansu ma ɗan Nijar ne, Karim Bare. Sai Moussambani ya rage shi kaɗai a cikin ruwa, ya tafi da ƙarfinsa, a dawowa hannuwa suka mutu, ya riƙa dukan ruwa kamar zai nutse, jama'a suka miƙe suna yi masa shewa har ya taɓa bango a minti 1 da daƙiƙa 52.72, fiye da ninki biyu na lokacin wanda ya ci zinare. Irin wannan ta sake faruwa a Landan a 2012, inda Hamadou Djibo Issaka na Nijar ya shiga tseren kwalekwale na mutum ɗaya bayan kimanin wata uku kacal da fara koyo, ya zo can baya, 'yan kallo suka yi ta tafa masa, shi kuwa tsohon gwanin tseren kwalekwale na Ingila Steve Redgrave ya nuna rashin gamsuwa da ba shi gurbin alhali akwai waɗanda suka fi shi a wasu ƙasashe.

Ƙorafin Redgrave yana da tushe, kuma ba zan ce masa a'a gaba ɗaya ba. Tura mutumin da bai shirya ba gaban duniya ba karramawa ba ce a kullum, wani lokaci kunyata shi ne, shi ya sa daga baya hukumomi suka ƙara tsananta sharuɗɗa, ana neman shaidar cewa ɗan wasan yana fafatawa a matakin duniya kafin a gayyace shi. Inda na rabu da masu sukar shi ne zaton cewa waɗannan gurabe ne ke hana gwanaye shiga. Gurabe ne 'yan kaɗan a cikin dubu goma da ɗari biyar, kuma abin da ke zaunar da gwanin babbar ƙasa a gida shi ne dokar mutum uku ko biyu da na ambata, wadda ko an soke gayyata za ta ci gaba da aiki. Moussambani kansa bai tsaya inda duniya ta yi masa dariya ba, ya rage lokacinsa zuwa ƙasa da minti ɗaya, daga baya ya zama mai horar da 'yan iyon ƙasarsa.

Kuskuren da na fi so ka kauce masa shi ne ɗaukar duk ɗan ƙaramar ƙasa a matsayin baƙon gayyata. A daren 3 ga Agustan 2024, cikin ruwan sama, Julien Alfred ta Sant Lusiya, ƙasa mai mutum kimanin 180,000, ta lashe tseren mita 100 na mata cikin daƙiƙa 10.72, ta bar Sha'Carri Richardson ta Amurka a baya. A wannan daren ne kuma Thea LaFond ta Dominika, wadda mutanenta ba su kai 100,000 ba, ta ci zinare a tsallen taku uku da mita 15.02. Kowace ita ce ta fara kawo wa ƙasarta lambar Olamfik, kuma babu wadda aka gayyata, sun cika sharuɗɗan da kowa ya cika. Kafin su Kirani James ya ba Girenada zinare a mita 400 a Landan, Flora Duffy ta ba Bamuda zinare a Tokiyo a gasar da ta haɗa iyo da tseren keke da gudu, San Marino kuwa mai mutum kusan 34,000 ta je Tokiyo da 'yan wasa biyar ta dawo da lambobi uku, biyu a harbi, ɗaya a kokawa.

Idan ka bi tarihin waɗannan mutane za ka ga abu guda yana maimaita kansa, wato gida ya haifa, waje ya horar. Alfred ta bar gida tana 'yar shekara 14 zuwa makarantar sakandare a Jamaika, daga nan ta wuce jami'ar Texas. James ya yi jami'ar Alabama. LaFond a Amurka ta girma. Myles Amine da ya ci wa San Marino tagulla a kokawa haifaffen Amurka ne, ta asalin kakanni ya samu zama ɗan ƙasar, abin da doka ta yarda da shi matuƙar mutum yana riƙe da shaidar zama ɗan ƙasa, sai dai wanda ya taɓa wakiltar wata ƙasa a ƙa'ida sai ya jira shekara uku kafin ya sauya sheƙa. Alfaga ma a Jamus ya yi horonsa. Ga waɗanda ba su da hanyar jami'a ko dangi a waje, akwai asusun tallafi na kwamitin Olamfik na duniya, wanda ake cikawa daga kuɗin haƙƙin nuna gasar a talabijin, yana ba zaɓaɓɓun 'yan wasa kuɗin horo na wata-wata da na tafiye-tafiyen neman gurbi. Kwamitin ƙasa ne ke gabatar da sunaye, don haka ƙasar da jami'anta suka yi sakaci da takardu tana iya rasa tallafin da gurbin gayyatar baki ɗaya, domin kowanne yana da ranar rufewa.

A wasannin ƙungiya kuwa babu gayyata ko kaɗan. Ƙwallon ƙafa na maza a Faris ƙungiyoyi 16 ne, Afirka ta samu uku kai tsaye ta gasar 'yan ƙasa da shekara 23, Gini ta zama ta huɗu bayan ta doke Indonesiya a wasan cike gurbi. Sudan ta Kudu ta je a ƙwallon kwando ne saboda ita ta fi sauran ƙasashen Afirka taka rawa a gasar cin kofin duniya ta 2023, Fiji kuma, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ta ci zinare sau biyu a jere a ragabi na 'yan wasa bakwai, a 2016 da kuma Tokiyo. Shi ya sa idan ka ga ƙaramar ƙasa ta shigo fili da tawaga mai yawa, yawanci wata ƙungiya ce ta yi nasara a fagen share fage, idan kuma ka ga mutum biyu ko uku, ka duba ko masu tseren mita 100 ne da masu iyon mita 50, domin a nan ne mafi yawan baƙin gayyata ke taruwa. Alƙaluman da na kawo na Faris ne, kowace hukuma tana sake fitar da nata sharuɗɗa kafin kowace gasa, kuma haka za a yi wa ta Los Anjelis a 2028.