Amsa: Me ya sa haihuwa ba aure ta yi yawa a Bavariya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko lalacewar tarbiyya ce ta sa kusan jariri ɗaya cikin biyar a Bavariya, da ke kudancin Jamus ta yanzu, ake haifarsa ba aure a tsakiyar ƙarni na 19. Doka na cikin manyan abubuwan da suka jawo hakan. Dokar 1834 ta bai wa hukumar gari ikon hana talaka yin aure in ta ga zai zama nauyi a kan asusun taimakon matalauta. Barori da 'yan ƙwadago suka zauna tare shekaru suna jiran izini, yara na zuwa. Da aka sassauta dokar a 1868, adadin ya ragu sosai.

Abin da ya fi ci mini rai, kunyar a kan uwa kaɗai ta faɗa. Kundin dokar Jamus na 1900 ma cewa ya yi irin wannan ɗan ba dangin ubansa ba ne.